Kwalba Ɗaya a Gidan Malam Tanko

Ruwa ake yi da motarmu ta shiga Kumasi, irin wanda ba tsawa ba iska, sai dai ya jiƙa mutum a hankali har ya kai ɓargo. Na sauka da jaka ɗaya da kumburarrun ƙafafu, domin tun daga iyakar Togo ban miƙe su ba. Mutumin da muka yi magana da shi tun ina Haɗejiya, wanda ya ce ya kama mini ɗaki kusa da jami'a har na tura masa kafin alƙalami, wayarsa ta daina shiga tun muna hanya. Na tsaya a tasha ina kira ina sake kira, mutane suna wuce ni da yaren Tuwi wanda ko gaisuwarsa ban sani ba. Da na tabbata an cuce ni, sai na zauna a kan jakata na ce innalillahi a fili.

Wannan kalmar ce ta cece ni. Wani yaron mota ya juyo ya tambaye ni da Hausa daga ina nake. Da na ba shi labari bai yi mamaki ba. Ya ce baƙo ba ya kwana a titi matuƙar akwai Zango, ya sa ni a tirotiro, ƙaramar motar hayarsu, mai zuwa unguwar Asawase, ya faɗa wa direba inda zai sauke ni da sunan wadda zan nema.

Sunanta Hajiya Adiza. Tsohuwa ce mai sayar da goro, gajera, mai kauri, muryarta kamar ta maza. Gidanta irin na haya ne, ɗakuna a kewaye, rijiya a tsakiya. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta tambayi sunan ubana da garinmu da abin da ya kawo ni, sannan ta ce a Zango ba a ba baƙo ɗaki kawai, ɗaukarsa ake yi. Wanda ya sauke ka shi ne maigidanka. In ka yi abin kirki nasa ne, in ka yi ɓarna wuyansa za a kama. Ta ce in riƙa kiranta Mma kamar kowa. A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Abin da ya kai ni Kumasi ƙaramin abu ne, bai kai ƙwayar wake ba. Katantanwar ruwa ce, wadda ke manne a jikin ciyawa a bakin fadama, ita ce kuma ke goyon tsutsar da ke sa tsargiya. A ƙauyenmu, da muna yara, in ka fara fitsarin jini sai a ce ka zama namiji. Na yi, wana ya yi, shi kuma abin bai sake shi ba har ya taɓa masa mafitsara. Shi ya sa da na samu gurbin ƙaro karatu a kan wannan halitta ban yi shawara sau biyu ba.

Katantanwar nan kowace ɗaya tana ɗauke da kayan namiji da na mace a jiki guda. In biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya ta ba ta iri, mai karɓa ta adana shi ta riƙa yin ƙwai da shi. In kuwa ta rasa abokiya, sai ta jira, ta jira, in ta gaji ta yi wa ƙwanta barbara da nata irin. Saboda haka guda ɗaya tak da ta tsira a laka lokacin rani tana iya cika kududdufi da damina. Aikina shi ne in gano tsawon wannan jira. Sai in ware su tun ranar ƙyanƙyasa, kowace a kwalbarta, in rufe baki da ƙyalle, in zuba ido. Iri biyu gare ni. Akwai baƙaƙe, akwai kuma zabiya, mai jiki ja-ja da ido fari. Amfanin zabiya shi ne ba ta iya ɓoye sirrinta. In ita ta yi wa kanta barbara, 'ya'yan duka zabiya ne. In baƙa ta hau ta, tun suna cikin ƙwai za ka ga ɗigon baƙin ido da madubin ƙara girma.

Ruwan famfon ɗakin bincikenmu yana da magani, yana kashe ƙananan. Ga shi kuma an fara gyaran ɗakin. Malamata, wata Ba'asantiya mai kirki da faɗa, ta gwada ruwan rijiyar Mma a na'ura ta ce ya yi, ta yarda in kai kwalabena gida, tunda duka haihuwar ɗakin bincike ne, ba su taɓa haɗuwa da cuta ba. Bayan haka ta tafi Turai aikin wasu watanni.

Ni mutum ne mai nauyin baki tun ina yaro. In na gaida mutane sai in shige ɗaki in ja ƙofa. Ban taɓa tunanin yadda abin yake a idon wanda ke waje ba: baƙo daga Najeriya, ba ya hira, ba ya zuwa kallon ƙwallo, yana jan ruwa da sassafe, yana shanya ganyen latas a taga, ɗakinsa cike da kwalabe jere a kan katako, a kowace kwalba abu ɗaya mai rai. In ina dubawa kuma nakan yi ƙirga a hankali, leɓena yana motsi. Mutanen Asante suna cin manyan dodon koɗi, ana tara su a kasuwa kamar albasa, amma 'yan Zango ƙyama suke yi. Wanda ba ya ci kuma yana kiwo, me yake yi da su? Babu wanda ya tambaye ni, ni kuma ban faɗa ba.

Ɗakin da ke kallon nawa na Isaka ne, ɗan Mma na fari, kafinta a unguwar Anloga. Dogo ne, kullum da garin katako a gashinsa. Shi ya haɗa mini katakon da na jera kwalaben, bai karɓi komai ba, ya ce in na zama dokta in tuna da shi. Matarsa Memuna tana da ciki lokacin. Na ji mata suna cewa Allah ya sa wannan ya zauna, daga nan na gane an yi wasu a baya ba su zauna ba.

Wannan ma bai zauna ba. An kai ta asibiti wata ranar Talata, aka dawo da ita ba komai.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, na ɗaga ɗaya daga cikin manyan kwalabena sai na ga wani ɗan tabo a jikin gilashi, garai-garai kamar ɗigon koko, da ƙananan ƙwayaye a ciki. Ƙwan farko ke nan bayan watanni ina jira. Ban san lokacin da na fito tsakar gida da kwalbar a hannu ba. Mata sun cika barandar Memuna, sun zo jaje. Na nufi Mma ina dariya, ni da ba a taɓa jin dariyata a gidan ba.

"Mma, ta haihu. Ita kaɗai, ba namiji. Dubi."

Wata tsohuwa ta tofar da yawu ta ce wani abu da Tuwi, sika duro. Daga baya na san ma'anarsa: tsafin kuɗi, wanda ake cewa mai shi yana ciyar da abin da ya ajiye da cikin mata. Mma ba ta dubi kwalbar ba. Ta ce da ni a hankali in koma ɗaki.

Bayan la'asar Isaka ya dawo, ba shi kaɗai ba. Na ji takunsu tun daga zaure. Na leƙa ta ramin ƙofa na ga samari sun cika tsakar gida, wasu da guntayen katako, ɗaya da galan ɗin fetur. Galan ɗin nan har yau in na rufe ido ina ganinsa, rawaya ne, murfinsa ja. Isaka ba ya ihu. Yana magana ƙasa-ƙasa, yana cewa cikin matarsa ya fita ran Talata, ran Alhamis ya bayyana a kwalba, to a faɗa masa wace halitta ce ke haihuwa ba namiji in ba an ɗura mata na wani ba. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofa, ina jin yadda suke bugunta a bayana.

Sai bugun ya tsaya. Mma ce ta zo ta tsaya a bakin ƙofar.

"Baƙona ne," in ji ta. "Ni na ɗauke shi. In mugu ne, a gaban Malam za a sani. Wanda ya taɓa shi kafin nan ya fara da ni, kai ma Isaka."

Malam Tanko shi ne mai makarantar allo a bayan masallacin unguwa, shi ke raba gardamar gado da ta aure. Aka tasa ni gaba zuwa zaurensa, Mma tana riƙe da hannun rigata kamar akuya. Ya sa aka kawo kwalabe kaɗan. Ya saurari Isaka har ya gama, sannan ya ce in yi magana. Na yi bayani, na ce halittarsu ce haka, na ce akwai shi a littattafai. Wani daga baya ya ce ai littafin boka ma littafi ne. Malam ya ce shi bai taɓa jin wannan ba, amma rashin jinsa ba hujja ba ne, domin Allah yana halittar abin da ya so. Ya ce kaza ma tana ƙwai ba zakara, sai dai ƙwan ba ya rai.

Hukuncinsa shi ne a ɗauki ƙarama guda wadda ba ta taɓa ƙwai ba, a ajiye ta a cikin gidansa inda ake karatu safe da yamma, inda hannuna da bakina ba sa kaiwa. Matarsa za ta riƙa sauya mata ruwa tana sa mata ganye yadda zan kwatanta. A kulle ɗakina, mabuɗi a hannun Mma, ita za ta ciyar da sauran. In kafin a ga sabon wata ta yi ƙwai kuma aka ga rai a ciki, to halitta ce, kowa ya nemi gafarata. In ba ta yi ba, ya ce, zai cire hannunsa daga kaina. Bai ƙara bayani ba, ba na kuma bukata.

Ya ce Isaka ya zaɓa da kansa. Isaka ya bi kwalaben da kallo, ya nuna zabiya, ya ce wannan jar ita ta fi kama da abin tsafi.

A nan na ga matsala. Wadda ta yi ƙwai babba ce. Zabiyar da ya nuna daga ƙyanƙyasar baya take, ba ta gama girma ba. Ga shi watan Agusta ne, lokacin da rana ke ɓuya a Kumasi, gari ya yi sanyi, su kuma in ruwa ya yi sanyi komai nasu jinkiri yake yi. Na buɗe baki zan roƙi a ƙara wa'adi, na ga idanun samarin nan, na san duk abin da na ce za a ɗauka dabara ce. Na amince da wa'adin.

Mma ta shimfiɗa mini tabarma a shagon da take ajiye huhun goro, a bakin zaure. Fasfona da takarduna suna cikin ɗakin da aka kulle. An bar ni ina zuwa jami'a, amma kullum akwai wanda ke zaune a kan babur a bakin lungu, in na fito ya bi ni da ido har in hau mota, in na dawo in tarar da wani. Na ba wani ma'aikacin ɗakin bincike labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ce in bar kaya in gudu, ya taɓa ganin abin da taron kasuwa ya yi wa wanda aka kira maye, kafin 'yan sanda su iso an gama. Ya ce yana da ɗan'uwa a Kwadaso da zai ɓoye ni. Na yini ina juya maganar. Amma in na gudu na amsa laifi ke nan, kuma wuyan Mma na bari a hannunsu. Da yamma na hau tirotiro na koma Asawase, ina ji kamar mai kai kansa mahauta.

Unguwa ta canza mini. Mai wake da shinkafar da nake saya a wurinta ta ce abinci ya ƙare, tukunya kuwa a cike. Mata masu ciki suna sauya hanya in sun hango ni. A masallaci sahu yakan bar mini fili hagu da dama. Mai koko ce kaɗai ba ta canza ba, wata Badagomba, 'yar arewacin ƙasar, da ba ta taɓa ce mini uffan ba. Takan zuba mini, ta ƙara ƙosai biyu a kai, idonta a wani wuri. Ranar Juma'a na kira innata. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, ko mutanen wurin suna da kirki. Na ce suna da kirki. Ta ce gero ya fara fitar da kai a gonar bayan gari. Na kashe wayar na zauna ina tuna ƙanshin gonar nan bayan ruwa, ina tambayar kaina wa zai kai mata labari in abin ya faru, da wane harshe.

Kullum da safe nakan tsaya a inda matar Malam ke wucewa zuwa kasuwa. Ba a yarda in yi mata magana ba. Takan girgiza kai kawai ta wuce. Da asuba in an fito salla nakan ɗaga kai in ga wata yana ƙanƙancewa kamar sabulun da ake wanka da shi.

Wata rana na je jan ruwan alwala na tarar da Memuna a bakin rijiya. Tun da abin ya faru ban gan ta ba. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Na juya zan koma sai ta kira sunana.

"Nafi'u, tsakaninka da Allah, kai ne?"

Na ce wallahi ba ni ba ne. Ta dubi cikin rijiya.

"Da ma kai ne," ta ce. "Da na san dalili. Da an kore ka na huta, na gaba ya zauna."

Ta ɗauki bokitinta ta tafi. Ban ji haushinta ba. Tsoro na ji fiye da na ranar galan, domin na gane ba mugunta ce ke bina ba. Mutane ne da ciwo ya yi musu yawa suna neman inda za su sauke shi.

Mma ba ta cika yi mini maganar ba. Takan aiko mini da tuwo, ta wuce ni a zaure da goro a baki. Sau ɗaya ta tsaya ta tambaye ni, kamar mai tambayar farashin gishiri, ko abin nan zai yi kafin wata. Na ce ban sani ba, Mma, sanyi ya yi yawa. Ta ce in da zai samu abokin zama fa? Na ce ai da ba a jima ba, masu aboki ba sa jira. Ta ce uhm, ta wuce. Ban kawo komai a raina ba.

Wata ya kusa ɓacewa lokacin da matar Malam ta wuce ni ba ta girgiza kai ba. Da azahar labari ya zaga unguwa cewa an ga ƙwai. Na shiga shagon goro na yi sujada a kan tabarma, ina mamakin yadda ta yi sauri haka. Malam ya ce a dakata tukuna, sharaɗi shi ne a ga rai. Aka ƙara 'yan kwanaki, ni ina addu'ar kada ƙwan ya zama fanko.

Ranar da ake sa ran ganin wata aka tara mu bayan la'asar. Zauren ya cika har waje. Malam ya sa Mma ta kawo madubina daga ɗaki, na nuna masa yadda ake riƙewa ba tare da na matsa kusa ba. Ya kai kwalbar bakin ƙofa wajen haske, ya ƙanƙance ido ɗaya. Ya daɗe. Sannan ya ce subhanallahi, suna juyi, kowane a cikin ɗakinsa. Ya miƙa wa Isaka. Isaka ya riƙe madubin da manyan yatsunsa masu kanta, ya duba, ya sake dubawa. Ya ajiye kwalbar a hankali kamar mai ajiye jariri, ya koma ya zauna ya sunkuyar da kai.

Sai Malam ya ce ni ma in zo in gani, tunda kayana ne.

Na sa ido a madubi. Ga su nan, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna juyawa a cikin ƙwai. A kan kowane akwai ɗigo biyu baƙi ƙirin.

Zabiya ba ta haifar baƙin ido ita kaɗai. Wani ya kawo mata baƙa, ya bar su tare, ya ɗauke. Abin da ya fara zo mini shi ne tarko ne, wani zai miƙe yanzu ya ce ya ga lokacin da aka yi, a ce ni na aika. Malam ya tambaye ni ko hannuna ya kai ga kwalbar nan tun da aka kawo ta. Na ce a'a. Ko na aiki wani? Na ce a'a. Ko ina da abin cewa?

Na ɗaga kai. Galan ɗin babu shi a zauren, amma masu shi suna nan. Idona ya faɗa kan Mma a can gefen mata. Tana tauna goro, tana kallon bango kamar an rubuta mata wani abu a jiki.

"Allah ya ƙara wa Malam lafiya," na ce.

Malam ya yi nasiha a kan zato, ya sa Isaka ya ba ni hannu. Tafinsa sanyi ƙalau. Ya ce in yafe masa, bai iya haɗa ido da ni ba. Wasu daga cikin samarin suka zo suna dafa kafaɗata suna kirana dokta, har wani yana tambaya ko akwai maganin fitsarin jini, ƙaninsa yana yi.

Mma ta ba ni mabuɗi. Na shiga ɗakina na bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ta kula da su sosai, ko ɗaya ba ta mutu ba. Na je kan 'yan'uwan zabiyar, waɗanda aka ƙyanƙyashe rana ɗaya da ita. Na ɗaga kowace a haske, na juya ganyen, na duba ƙarƙashin ƙyalle. Babu wadda ta yi ƙwai, ko ɗaya. A layin baƙaƙe kuma akwai kwalba guda da aka ɗaure bakinta da irin ƙullin da ake yi wa huhun goro. Na zauna a bakin gado har aka kira magariba, ina jin yara a waje suna ihun an ga wata.

Washegari da hantsi na same ta a shago tana yayyafa wa goro ruwa. Na tsuguna na gaishe ta. Na ce Mma, 'ya'yan zabiya baƙin ido gare su.

Ba ta ɗago ba. Ta ce to, sun biyo ubansu.

Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce a gwangwanin madara ta kai baƙa guda daga kwalabena, cikin lalitarta, ta je gaida matar Malam da ciwon ƙafa. Su biyu suka sani, sun yi makarantar allo tare tun kafin a haifi ubana. Kwana biyu suka bar su, ta je ta ɗauko abinta. Na ce amma Mma, ai gaskiya na faɗa, da an bar ta za ta yi da kanta.

"Kai ka sani, da littafinka. Ni tun da nake ban ga abin da ya haihu shi kaɗai ba."

"To in ba ki yarda da ni ba, me ya sa?"

Sai a nan ta dube ni. Ta ce mugu ba ya fitowa tsakar gida da abin tsafinsa yana dariya, wawa ne kaɗai ke yin haka. Ta ce cikin da ya zube jikanta ne, ta yi kukansa. Amma ta ga idon Isaka ranar nan, ita ta haife shi, ta san abin da zai yi in wata ya fito kwalba ba komai.

"Na rasa jika. Ba zan rasa ɗa a kurkuku ba, in kuma rasa baƙo a ƙofar gidana. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Wata ya kai rabi, rana ta fara fitowa, sannan 'yan'uwan zabiyar suka fara ƙwai, ɗaya yau, biyu gobe. Na jira har 'ya'yan suka yi ido, na ɗauki kwalba guda na kai wa Mma, wannan karon a ɓoye cikin riga. Na riƙe mata madubin. Ta duba ta ga suna juyi, idanunsu fari tas, ba ɗigon baƙi. Na ce wannan ba wanda ya kai mata kowa.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce ikon Allah, ashe yana iyawa. Sannan ta miƙo mini madubin ta ce da shi muka tsaya jira, da yanzu an yi sadakar bakwai ɗinka an watse.

Na ƙarasa karatuna a gidan nan. Na koyi barin ƙofata a buɗe, har matan gida sukan leƙo su tambayi lafiyar amarena na cikin kwalba. Isaka ya ƙara mini katako biyu, amma bai sake shiga ɗakin ba, ni ma ban taɓa faɗa masa komai ba. Lokacin da na bar Kumasi Memuna tana zuwa wani asibiti da aka ce ana ɗaure bakin mahaifa, ban san yadda ta ƙare ba, kuma nakan sa ta a addu'a.

Da malamata ta dawo tana duba aikina, ta tarar na cire kwalba ɗaya daga sakamakon, na rubuta a gefe cewa ta gurɓata. Ta yi mini faɗa, ta ce mai hankali irina bai kamata ya bar haka ta faru ba. Na ce ta yi haƙuri. Duk sauran kwalaben sun ba ni takardar da na je nema. Gurɓatacciyar ita ta mayar da ni wurin innata da ƙafafuna.